Damisar Da Na Ɗinke a Cikin Buzu

Ba zan faɗi sunana ba, domin 'ya'yana suna makaranta, kuma ba su suka yi laifin ba. Abin da ya kamata ku sani, ku samari masu tasowa, shi ne ni ɗan majema ne, haifaffen birnin Kano. A bakin ramin jima na yi wayo. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nake dakan bagaruwa, ina wanke fatun awaki, har hannuwana suka rine da wani ja wanda sabulu ba ya fitarwa. Yaran unguwa suna toshe hanci idan mun wuce, mu kuwa mun san warin nan ne yake dafa tuwon gidanmu.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsauri, marar yawan magana. Yana da wata doka da nake ɗauka wauta ce. Idan maharba suka kawo fatar naman daji, sai ya kifa ta ya shafa cikinta. In ya tarar da nonuwa a kumbure, alamar tana shayarwa aka kashe ta, sai ya naɗe ya miƙa wa mai ita, ko nawa za a biya. Yakan ce wannan ba fatar rai ɗaya ba ce, akwai waɗanda aka bari a rami suna jiran ta. Ni kuwa sai in bi maharbin ta bayan gida in karɓa a ɓoye. Daga nan na fara.

Abin bai tsaya nan ba. Na koyi toshe hudar fata da ƙaro in shafe da baƙi, na koyi sayar da fatar tunkiya da sunan ta akuya. Da na ƙara girma sai na shiga kai wa Turawa 'yan yawon buɗe ido fatar mesa da ta damisa a otal-otal. Baba ya gane. Bai zage ni ba, bai dake ni ba, ya dai daina cin abinci a kwano ɗaya da ni. Ya rasu muna a haka. Ko arba'in ba a yi ba na sayar da rabona na gado, na ce na gaji da wari, zan shiga sahun masu zuwa China.

Na sauka Guangzhou a shekarar da ta biyo bayan komawar Hong Kong hannun China. A lokacin Hausawa ba mu da yawa a garin, kowa ya san kowa. Na nufi Zhanxi, kasuwar takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ina taƙama cewa ni ɗan majema ne, babu mai cuta ta a harkar fata. Wani dillali ya nuna mini samfuri na fata mai kyau, na shinshina, na lanƙwasa, na biya. Da kayan suka isa Kano aka buɗe kwalaye, sai ga roba zalla. Ni da na yi shekaru ina yi wa mutane haka, a fitar farko aka yi mini. Na koma shagon, wanda na tarar ya ce mini "meyo", wato babu, mutumin ya tashi. Jari ya tafi, biza ta ƙare, kunya kuma ta hana ni komawa gida. Na zama mai raka baƙi kasuwa, ina ɗaukar musu kaya, ina kwana a ƙasan ɗakin wanda ya ji tausayina. Idan na hango ɗan sanda sai in shige shago in yi kamar ina taya riga.

A cikin masu tausaya mini babu kamar Alhaji Inuwa. Dattijo ne ɗan kasuwar Kantin Kwari, yana zuwa sau biyu a shekara ya sayi kayan sawa a kasuwar Baima. Ya san mahaifina, tare suka yi karatun allo. Yana fama da ciwon sukari da ciwon gwiwa, amma duk wanda ya makale a garin nan, ɗakinsa yake nufa. Ni Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan Malam.

Dole in yi muku bayanin saƙo, domin yanzu abin ya ja baya. A wancan lokaci duk mai tafiya gida, ko mai ratsawa ta Dubai, to jirgin kowa ne. Wannan ya ba shi ƙunshin magani, wancan agogo, wani turmin yadi ya kai wa uwarsa. Ba a buɗewa, ba a tambaya. Alhaji Inuwa ya fi kowa riƙo da wannan. Na taɓa jin wani ya ba shi shawara ya riƙa duba abin da ake ba shi, sai ya ɓata rai ya ce buɗe saƙon mutum daidai yake da ka kira shi ɓarawo a gaban idonsa, shi kuwa ba a yi masa irin wannan tarbiyya ba.

Wata Juma'a a tsohon masallacin garin, bayan an sallame, wani ɗan Afganistan mai sayar da kafet ya ba ni hannu, ya ƙi saki. Hausawa Haji Mai Kafet suke ce masa. Ya juya tafina, ya dubi faratana, ya tambaye ni da ɗan Turancinsa ko ni majemi ne. Na ce a da. Ya ce in zo in ga wani aiki.

Ya kai ni wani sito a lungu, bayan kasuwar masu maganin gargajiya. Tun daga ƙofa na ji warin da na gudo na bari a Kano. Ya ɗaga kafet, sai ga fatu a jibge, irin waɗanda ban taɓa gani ba. Launinsu kamar toka mai haske, da zanen baƙi, gashi mai kauri har hannu yana nutsewa, wutsiya kuwa ta kusa kai tsawon jikin. Ya ce damisar dutse ce, wadda ke zaune a ƙwanƙolin tsaunukan ƙasarsu inda ƙanƙara ba ta narkewa. Ta mota ake shigo da su, a cikin kafet. Ƙasusuwan yana sayar wa masu magani a nan, fatun kuma attajiran Dubai ne ke so. Matsalarsa ita ce an busar da su a gaggauce, damshin Guangzhou ya fara ruɓar da su, kuma ba shi da hanyar fitar da su. Na san haramun ne a dokar ƙasar. Amma kwana biyu ke nan ruwan shayi kawai nake sha. Na naɗe hannun riga.

Akwai wani mutum a sito mai suna Rahim, shi ke tsaron wurin, shi ke ɗebo mini ruwa. Dogo ne, ramamme, ya girme ni. Da farko ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Da muka saba, muna haɗa gurguwar Turanci da Larabcin makarantar allo, sai ya ba ni labarinsa. Ashe kafin yaƙi ya ci ƙasarsu, aikinsa ke nan gadin waɗannan dabbobi. Gwamnati ta ba shi doki da bindiga, yana zaga kwarinsu yana hana farauta. Yaƙi ya zo, gwamnatin ta rushe, albashi ya tsaya, wasu masu bindiga suka ƙwace dokin. Ya ce yanzu kowane gida da bindiga, kowane ciki da yunwa. Mutane suka cinye awakin daji da ragunan dutse waɗanda damisar ke ci. Da ta rasa abinci sai ta fara saukowa garke, makiyayi kuwa da tumakinsa kaɗai suka rage masa a duniya ba zai tsaya kallo ba. A da idan ya kashe ta asara ce kawai ya rage. Yanzu ga irin su Haji suna jira da kuɗi a hannu, don haka har waɗanda ba su da garke sun hau dutse nemanta. Na tambaye shi to shi me ya kawo shi wannan aiki. Ya ce 'ya'yansa mata suna sansanin gudun hijira, kuma amana ba ta cika ciki, burodi suke ci.

Ni na ƙirƙiro dabarar buzu, kuma har yau idan na tuna yadda na yi alfahari da ita sai in ji kamar in nutse. Kun san buzu, fatar rago mai gashi da malamai da dattawa ke salla a kai. Sai in shimfiɗa fatar damisa, in naɗe ƙafafu da wutsiya ciki, in rufe ta da fatar rago ta sama, in yi mata shafi da yadi ta ƙasa, in ɗinke gefe. Ɗinkin sama-sama nake yi, da zare marar ƙarfi, don a iya farkewa ba tare da an huda fatar mai tsada ba. Wanda ya gani zai ce buzu ne mai kauri. Sai in ba mai tafiya Dubai in ce saƙon wani malami ne, za a zo otal a karɓa. Suna cusa shi a tsakiyar dilar kaya, ya wuce. Na biya kuɗin ɗaki, na sayi shadda, na fara cin nama. Na ma fara ba wasu shawara a kan kasuwanci.

Sai wata fata ta zo, wadda ta fi duk na baya kyau. Babu hudar harsashi ko ɗaya, domin guba aka zuba mata a gawar tunkiya. Na kifa ta zan kankare, hannuna ya bi ta cikin, na ji su. Nonuwa a kumbure, gashin gefensu ya kwanta saboda tsotso. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Rahim yana tsaye a kaina. Ya durƙusa ya kama kunnen hagu, wanda yake a tsage tun da daɗewa, ya daɗe yana kallo. Ya ce Haji daga kwarinsu yake saye, ta hannun danginsa. Lokacin da ya baro gida akwai wata mace mai tsagaggen kunne, ita kaɗai ce ya san tana haihuwa a wannan ɓangaren dutsen.

Ya ce, "Ban rantse ita ce ba. Amma idan ita ce, to babu sauran damisa a kwarinmu. 'Ya'yan ba za su kai mako ba a kogo."

Na ji muryar mahaifina a kunnena sarai. Na ce wa Rahim ai ta riga ta mutu, ko na jeme ko ban jeme ba ba za ta tashi ba. Wannan ita ce maganar da nake faɗa wa kaina tun ina bin maharba ta bayan gida. Na jeme ta, na ɗinke ta a cikin fatar wani farin rago.

A makon nan babu mai tafiya Dubai sai Alhaji Inuwa. Na yi ta kai-kawo a raina, domin ban taɓa ba shi irin wannan saƙo ba. Haji kuwa ya matsa, mai saye yana jira. Na ɗauka na kai masa otal. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa gashin, ya ce kai, ɗan Malam, hannun mahaifinka bai mutu ba. Sannan ya nemi wata alfarma. Ya ce daɓen ɗakin nan yana kashe masa gwiwa, dardumarsa kuwa ta yi siriri. Ko mai saƙon zai damu idan ya riƙa salla a kai kafin ya tashi? Me zan ce? Na ce ai lada ma za a samu, Baba.

Jirginsa ya samu jinkiri, ya ƙara kwanaki a garin. Kullum a kan buzun nan yake salla, farilla da nafila, ya zauna a kai ya yi lazimi. Har limanci ya yi mana a kansa, ina bayansa a sahu, idona a kan gefen ɗinkin. Ranar tafiya na ce ya kawo in cusa masa a dila. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce abin salla ba a haɗa shi da takalma da ɗan kamfai, a hammata zai riƙe shi. Na so in yi gardama, na rasa dalilin da zan kawo.

Ɗinkin nan na tafiya ne, ban yi shi don sujada ba. Dattijo mai nauyi ya yi kwanaki yana durƙusawa yana tashi a kansa, zaren ya gaji. Waɗanda suka raka shi filin jirgi suka ba mu labari. Azahar ta yi, ya samu gefe ya shimfiɗa buzunsa ya yi salla. Da ya sallame ya ɗaga zai naɗe, gefe ya farke, doguwar wutsiya mai zane ta zubo har ƙasa, a gaban wani jami'in kwastan. Suka ce Alhaji ya tsaya yana kallon ta, bai ma gane abin da yake gani ba. A nan aka tafi da shi.

Kafin la'asar labari ya zaga. Na ruga sito, na tarar da ƙofa a buɗe, babu kafet, babu fata, babu Haji. Rahim kaɗai na samu zaune a kan kwali. Ya ce maigidan ya tsere, ko sallama bai yi masa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi munin kwanakin rayuwata, har da na kurkuku. Akwai wani Malam Haruna, mutumin Maraɗi, ya daɗe a ƙasar yana jin yarensu, shi ke yi mana tafinta. Shi kaɗai aka bari yana ganin Alhaji jefi-jefi. Ya dawo ya ce mana hukuma ta ce laifin babba ne, dabbar tana cikin waɗanda ake tsananin karewa, shekaru masu yawa ake yankewa. Sun yarda mai yiwuwa dattijon bai sani ba, amma sai ya faɗi wanda ya ba shi. Shi kuwa ya ƙi. Ya ce saƙo amana ne, mai shi ya san kansa, ba zai kama sunan ɗan mutane ya miƙa ba.

'Yan kasuwa suka riƙa taruwa a wani gidan abinci na Musulmi ana shawara. Ina zaune a cikinsu. Ana tsine wa wanda ya yi wannan aiki ina cewa amin. Aka yi karo-karo don ɗaukar lauya, na sa hannu a aljihu na bayar, daga cikin abin da Haji ya biya ni. Babu wanda ya zarge ni, don Alhaji bai gaya wa kowa daga inda buzun ya fito ba, kuma saƙonni da yawa ya karɓa a makon. Na nemi hanyar gudu. Wani ya ce zai tsallakar da ni iyaka, ya karɓi kuɗina, ban sake ganinsa ba. Abinci ya daina shiga cikina. Kullum ina cewa gobe za su gaji su sake shi, ai tsoho ne, ai za su ga ba shi da laifi. Kullum kuma Malam Haruna yana dawowa da labari mafi muni. Maganin sukarinsa ya ƙare, wanda suke ba shi bai karɓe shi ba, abincin wurin ba ya iya ci. Wani ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Hajiyarsa ta bugo waya daga Kano, aka miƙa mini don an san ni ɗan gida ne. Tana kuka tana cewa in taimaka in kula da Babana. Na ce in Allah ya yarda.

Rahim na haɗu da shi a bakin masallaci, ya rame ya ƙara tsawo. Ya tambaye ni labarin tsohon, na faɗa masa. Ya ce shi ya taɓa barin abin da aka ba shi tsaro, ya san yadda abin yake ci, ba ya yi mini fatan haka. Ya ce in na shirya zuwa wurin hukuma zai bi ni ya nuna musu siton, ko da za su mayar da shi cikin yaƙi. Na ce masa ina tunani. Na ƙara mako ina wannan tunani.

Wata ranar Asabar bayan la'asar muna gidan abincin, Malam Haruna ya shigo, bai ko zauna ba. Ya ce ƙafar ta kumbura har ƙauri, an kai Alhaji asibitin fursuna. Ya ce ya roƙe shi, don girman Allah ya faɗi suna ya ceci ransa, ya ƙi. Amma ya ba shi saƙo ya faɗa a gaban jama'a, don mai buzun ya ji.

"Ya ce ba ya neman kowa ya fito. Tambaya ɗaya gare shi. Dabbar nan da ke ciki, yankakkiya ce ko mushe? In mushe ce, a taimaka a sanar da shi ko ta bayan fage, don ya rama sallolin da ya yi a kanta tun yana da sauran ƙarfi."

Mutum yana kwance ƙafarsa tana ruɓewa saboda ni, abin da ya dame shi ke nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa, "Mushe ce. Guba aka ba ta. Ni na ɗinka."

Wani ya tashi zai mare ni, aka riƙe shi. Da ma an bar shi. Malam Haruna ya kama hannuna, muka biya muka ɗauki Rahim, muka tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarmu. Na faɗi komai, har fatun da suka riga suka wuce. Rahim ya nuna sito, ya faɗi hanyar da ake bi da kayan. Daga ranar ban sake ganinsa ba. An ce mini mayar da shi ƙasarsu aka yi, kuma har yau ban san ko ya iske 'ya'yansa ba.

An saki Alhaji Inuwa, amma sai da aka yanke ƙafar daga gwiwa. Likita ya gaya wa Malam Haruna da an kawo shi da wuri da yatsa kawai za a cire. Wannan lokacin da likita yake faɗa, ni na zauna a kansa ina cewa gobe.

Kotu ta yanke mini shekaru, na yi su. Ba zan cika ku da labarin kurkukun wata ƙasa ba. Ku dai sani akwai sanyi, akwai aiki daga safe har yamma, kuma sai ka yi wata da watanni ba ka ji an kira ka da harshen uwarka ba. Can na sami labarin mahaifiyata ta rasu. Abin da ya fi damuna shi ne mafarki. Ba Alhaji nake gani ba. Wani kogo nake gani wanda ban taɓa zuwa ba, a dutsen da ban san sunansa ba, da wasu ƙanana biyu ko uku suna leƙen ƙofa.

Da aka sake ni aka sa ni a jirgi, ban wuce ko'ina ba sai gidan Alhaji. Na yi sallama, babban ɗansa ya fito. Ya gane ni. Ya ce Baba ya rasu shekara biyu bayan dawowarsa, bai sake lafiya ba. Na durƙusa a zauren ina kuka kamar yaro. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce tun a asibiti mahaifinsu ya rama sallolin nan, a zaune. Ya kuma bar wasiyya cewa idan ɗan Malam ya zo, kada a kore shi, a faɗa masa magana biyu.

Ya ce, "Ta farko, haƙƙinsa ya yafe maka duniya da lahira, saboda mahaifinka. Ta biyu, ya ce an ba shi labarin dabbar tana shayarwa. Ya ce wannan haƙƙin ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafe shi. Sai ka nemi masu shi."

Shekaru ke nan ina neman inda zan kai wannan roƙo. Na koma ramin jima, fatun awaki da na tumaki kawai nake taɓawa, na layya da na mahauta. Idan maharbi ya zo da fatar daji, ba na ko kifa ta, ina nuna masa hanya. Yaran da ke aiki a wurina suna ganin wauta ce, na kuwa san ta inda suke zagayawa, don haka na sa aka toshe ƙofar baya.

Ku samari, musamman masu ɗokin fita waje neman kuɗi, ga abin da nake roƙon ku. Idan aka kawo muku fata, ko haure, ko ƙashi, ko tsuntsu a kwali, aka ce daga wata ƙasa ce da ake yaƙi, babu mai tambaya, to ku sani shi ya sa ya yi araha. Mutanen can yunwa ce da bindiga suka sa su, mai gadin ma an ƙwace dokinsa. Ku da kuke saye a inuwa ba ku da wannan uzuri. Kada ku ce ai ta riga ta mutu. Kuɗin da kuka miƙa shi ne ke tura wani ya hau dutse neman ta gaba. Kada kuma ku ɗora ƙazantarku a hannun mutumin da ya yarda da ku, don na ga inda yarda ta kai dattijo, kuma tun daga lokacin ban ƙara jin wani ɗan kasuwa ya karɓi saƙo bai zazzage shi a gaban mai shi ba. In kuwa kun riga kun faɗa, wani yana shan wuya a madadinku, ku tashi yau. Ni na ce gobe, aka yanke ƙafa.

Mutum ya yafe mini, na san inda kabarinsa yake, ina zuwa in yi masa addu'a. Ita kuwa damisar da 'ya'yanta, ko sunan kwarinsu ban tambayi Rahim ba. Na tuba ga Allah, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, domin akwai ranar da za a tara mu da su, kuma ni ne na shafa cikinta na ji, na ɗauki allura.